Alhamis Goma Sha Biyu na Kawu Ilaitia

Suva, 4 ga Mayu

Zuwa ga Kawu Ilaitia,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Gwaggo Lavenia da duk mutanen Naivimagi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, tana zuwa coci ba sanda, sai dai ranar da aka yi ruwa. Ni kuma na fara aiki a cibiyar ba da shawara ga masu damuwar rai, amma har yanzu a ƙarƙashin kulawa nake. Duk wanda na gani, sai na zauna da shugabata mun bi abin da na faɗa masa.

Na kira wayarka ban samu ba. Na san sai an hau tudu ake samun layi, na kuma ji ka daina hawa, shi ya sa na rubuto.

Kawu, ka yafe mini in na wuce iyakata. Gwaggo ta gaya wa Mama cewa tun ranar da kwalekwalenka ya kife a ƙofar murjani, mashigar nan da ke tsakanin duwatsun teku, taubashinka Baba Sakiusa ya rasu, ba ka sake taka ruwa ba, ga shi shekara ta kusa zagayowa. Ta ce in ka ji ƙarar inji sai ka shige gonar gwaza. Ba ka barci sai ka sha yangona, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki, har harshenka ya mutu. Kuma ka daina tsokanar kowa. Wannan na ƙarshen ya fi damun Mama. Ta ce ita ba ta san wani yaya nata da ba ya ba'a ba.

Ba zan sa wa abin da ke damunka suna ba, domin ban duba ka ba, kuma doka ta hana ni duba ɗan'uwana. Amma abubuwan nan sun yi kama da ciwon firgici da ke bin mutum bayan masifa, kuma akwai maganinsa. Ba ƙwaya ba ce, ba allura ba ce. Zama ne da wanda aka horar, sau ɗaya a mako, kamar awa guda, yawanci sau goma sha biyu. Ana bin abin da mutum yake gaya wa kansa game da abin da ya faru, a nemo inda tunani ya maƙale, a auna shi da gaskiya. Ba kowa yake warkewa sarai ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma mutane da yawa suna samun sauƙi na gaske.

Akwai wani Mista Naidu da ke zama a asibitin gundumarku kowace Alhamis. Na bincika, an horar da shi a wannan hanyar. Ta ƙasa ake zuwa daga Naivimagi, ba sai ka shiga ruwa ba.

Na ji kuma kana son sayar da kwalekwalen. Don Allah ka dakata. Ban taɓa ganin wanda ya fi shi kyau a duk tsibirin Kadavu ba, kuma a cikinsa na kama kifina na farko.

'Yar ƙanwarka,
Torika


Naivimagi, 19 ga Mayu

Torika,

Takardarki ta iso. Muna lafiya. Gwaza ta yi kyau bana, an sa muku buhu ɗaya a jirgin ruwan Asabar, ki ce wa uwarki ta aika a ɗauka tun bai ruɓe a tasha ba.

Kin yi rubutu kamar mai amsa jarrabawa. Na gode. Amma maganar nan an rufe ta.

Ba ɓoyayyen abu ba ne, rabin gari yana bakin ruwa ran nan. Sakiusa ya dubi sama ya ce, "Taubashi, gajimaren can bai yi mini ba, mu bari sai gobe." Ni kuma na ce masa a gaban mata, "Je ka shige ƙarƙashin gado, in hadari ya wuce matarka ta jawo ka." Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ɗaga buhun yangonarsa ya shigo. Bakina ya sa shi a kwalekwalen nan.

Na yi abin da ake yi. Na ɗauki tambua, haƙorin babban kifin nan da kakanki ya bar mini, dattawan gidanmu suka raka ni, na sunkuya a gaban yayansa Manasa na nemi gafara. Manasa ya karɓa, ya tafa hannu, ya ce babu sauran komai tsakaninmu. Fasto ya yi addu'a. To yanzu in na kama hanya na je ina gaya wa baƙo cewa har yau abin yana nan, me na ce ke nan game da gafarar Manasa? Na ce ta baki ce kawai. Na kashe musu mutum, ba zan ƙara musu da zagi ba.

Batun kwalekwale kuwa, kin sauke mini kaya. Ke vasu ce a garin nan, 'yar da 'yar'uwarmu ta haifa, kuma kin san abin da bakin vasu ya yaba a gidan kawunta ya zama nata. Na sanar a gaban dattawa. Naki ne, da injin da ragar. Ki aiko a ɗauke shi da wuri.

Kawunki,
Ilaitia


Suva, 27 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Gwazar ta iso ba wadda ta lalace. Mama ta dafa da madarar kwakwa, ta ce a gode maka.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofa. Ba roƙon kwalekwale na yi ba, Kawu. A Suva na girma, na manta cewa yabona a gidanka yana da nauyi. Me zan yi da kwalekwale a ɗakin haya a bene na biyu? Kuma ina jin tsoron ba don ni ka bayar ba, don ka daina ganinsa ne. A karatunmu an nuna mana cewa gudun abin da ke tuna wa mutum masifa yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ne ke riƙe ciwon a wurinsa.

Game da abin da ka faɗa a bakin ruwa: na je ofishin hasashen yanayi na nemi abin da aka sanar a rediyo da safiyar ran nan. Iska matsakaiciya aka ce, ba gargaɗi ga ƙananan jirage. Ba ka san abin da zai zo ba. Kuma Baba Sakiusa babban mutum ne, ya san teku kamar yadda ka san shi, da ƙafarsa ya shiga. Ba kai ka kashe shi ba. Ina roƙonka ka sake tunani game da Mista Naidu.

Torika


Suva, 24 ga Yuni

Kawu,

Ina fatan lafiya. Jirgi ya zo ya koma har sau uku ba takardarka. Na tambayi ma'aikacin da ke ɗauko saƙo, ya ce hannu da hannu ya ba ka tawa. Na sake karanta kwafin da na ajiye, ina neman inda na yi kuskure, kuma ina jin na gano. In fushi kake yi, ka yi, kana da gaskiya. Layi ɗaya kawai nake so, in san kana cin abinci.

Torika


Naivimagi, 2 ga Yuli

'Yata Torika,

Ni ce Gwaggonki Lavenia. Ki yi haƙuri da rubutuna, tabarau ya karye, da zare na ɗaure shi. Muna lafiya, sai gwiwa. Ki gaida uwarki, ki ce mata tabarmar da ta ce in saƙa mata tana nan rabi, ita ma ta san dalili.

Yana cin abinci, kaɗan. Amma takardarki ta biyu ta ƙona shi. Ya karanta a kicin ina goge kwakwa, sai ya buga ta a ƙasa ya ce, "Kin ji 'yar boko? Yanzu laifin Sakiusa ne. Mutum yana kabari an ɗora masa."

Na ce, "Ba haka yarinyar ta ce ba."

Ya ce, "Ke kika iya karatu yanzu, da tabaranki mai ido ɗaya?"

Wallahi Torika sai da na ajiye kwakwar. Wannan ce tsokana ta farko da ta fito daga bakinsa tun bara, kuma shi bai ma san ya yi ba. Na juya baya don kada ya ga fuskata.

Kwalekwalen kuwa ya zama abin kallo. Yana nan a kife a ƙarƙashin bishiyar kwakwa, ba mai taɓawa. Matasa sun zo aro za su kai gwaza kasuwa, dattawa suka ce a'a, na vasu ne, sai da bakinta. Manasa da kansa ya ce, "Ko sarki bai isa ya tsallake maganar vasu ba, balle ku masu wandon roba." Yanzu haya suke yi daga ƙauyen gaba, suna zaginki a ɓoye. Ki aiko da izini don Allah.

Ni ba na gane maganin naku. Amma ni nake kwana kusa da mutumin nan, ni nake jin yana kiran sunan Sakiusa. An yafe masa a gaban kowa, gaskiya ne, to amma ga shi nan yana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Kada ki daina rubutowa ko bai amsa ba. Yana karantawa. Ya ɗauke waccan daga ƙasa bayan na fita.

Gwaggonki


Suva, 10 ga Yuli

Kawu Ilaitia,

Gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya kai da Gwaggo. Mama lafiya. Na sa sabon tabarau a cikin kunshin nan, lambarsa ɗaya da tsohon, Mama ce ta tuna.

Da farko, ban ɗora wa Baba Sakiusa laifi ba, kuma ba zan taɓa yi ba. Amma na yi garaje. Na gaya wa shugabata abin da na rubuta, ba tare da suna ba, ta ce na yi abin da hanyar nan ta hana: na miƙa wa mutum amsa. Mai wannan aikin tambaya yake yi, mai ciwon ne ke nemo amsar da kansa, in ba haka ba ba ta zama. Ni kuma ba ni ce mai yi maka tambayoyin ba.

Na biyu, kwalekwale. Ba a mayar da abin da aka ba vasu, don haka na karɓa, na gode. Matasa su yi aiki da shi, su sayi mansu. Ba za a sayar ba.

Na uku. Na yi ta tunani a kan abin da Baba Manasa ya ce, cewa ba mai tsallake maganar vasu. Ban taɓa roƙon komai a gidanka da gangan ba, ko kaza. Yau zan yi.

Ni Torika, 'yar ƙanwarka, vasun Naivimagi, ina roƙon Alhamis goma sha biyu daga cikin kwanakinka. Nawa ne. Abin da nake so a yi da su shi ne ka je wurin Mista Naidu, ka zauna, ka yi aikin da zai ba ka na gida. In ya ce a ƙara zama, zan sake roƙo.

Ina so Gwaggo ta kai takardar nan a karanta sakin layin da ke sama a gaban dattawa, Baba Manasa yana wurin. Kowa ya ji cewa ba kai ka raina gafararsa ba, 'yar ƙanwarka ce ta ƙwace maka kwanaki.

Abubuwan da ya kamata ka sani: makonnin farko suna iya yin nauyi, barci ma yana iya ƙara lalacewa kafin ya gyaru. Wannan ba alamar abin bai yi ba ne. Mista Naidu ba zai gaya mini komai ba, ko na tambaya, kuma ba zan tambaya ba. Sai abin da kai ka ga dama.

Na san wannan dabara ce, kuma na san zama ba ya aiki sai mai zaman ya sa kansa. Ni dai ƙofar zan iya kai ka. In ka ƙi ni bayan wannan, zan ɗauka.

'Yar ƙanwarka,
Torika


Naivimagi, 21 ga Agusta

Torika,

Muna lafiya. Gwaggonki ta samu tabarau, yanzu tana ganin duk ƙurar da na shigo da ita.

An karanta takardarki. Wani dattijo ya ce tunda aka kafa garin nan vasu suna ɗaukar alade da tabarma, ba a taɓa jin wadda ta ɗauki ranar Alhamis ba. Manasa ya ce, "Ta roƙa, ba ta." Na yi fushi da ke ƙwarai. Na tafi.

Na zauna sau huɗu. Naidu ɗin nan ɗan siriri ne, yana shan shayi ba sukari, kuma bai san gaba da bayan kwalekwale ba. Ran farko ya ce in je in rubuta shafi ɗaya, ba yadda abin ya faru ba, dalilin da nake ganin ya sa ya faru. Na rubuta layi ɗaya: bakina ne. Ya ce in karanta masa da ƙarfi. Ban zaci layi ɗaya zai gagare ni ba.

Tambaya gare shi kamar ɗan sanda. Makon jiya ya ce, "Wannan ne karo na farko da ka tsokane shi a kan hadari?"

Na ce, "Tun muna tsirara nake tsokanarsa."

"Shi fa?"

"Ya fi ni baki. Ya taɓa ce mini ko a kwanon wanka aka sa ni sai na nemi rigar ceto."

"Sauran lokutan, me ya faru?"

"Mun je mun dawo."

"Akwai ranar da ka tsokane shi ya ƙi shiga?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna akwai. Ba sau ɗaya ba. Yakan ce in je in nutse ni kaɗai, ya koma gonarsa. Na gaya wa Naidu, ya rubuta kawai. Na so ya ce wani abu don in yi masa gardama.

Ya kuma tambaye ni me nake nufi ya faru lokacin da na yi maganar. Na ce a yi dariya, mu kai yangona kasuwa. Ya ce, "To wannan niyyar, ita ce niyyar mai kisa?" Na tashi na fita waje. Na dawo dai.

Akwai takardun da nake cikewa kullum: abin da ya faru, abin da na gaya wa kaina, abin da na ji. Gwaggonki tana ce mini ɗan aji ɗaya. Barci ya lalace kamar yadda kika ce. Ban ce na yarda da mutumin ba. Amma kin roƙi sha biyu, sha biyu za ki samu.

Ilaitia


Suva, 29 ga Agusta

Kawu,

Gaisuwa. Mun gode Allah da lafiyarku, mu ma lafiya. Na rubuta maka shafi uku na bayani, na yage su. Na gode da ka je. Ka ci abinci kafin ka kama hanya, tudun nan ba wasa ba ne.

Torika


Naivimagi, 22 ga Satumba

'Yata Torika,

Lafiya lau muke. An yi ruwa sosai, hanyar tudu ta yi santsi, na faɗi sau ɗaya a gaban 'yan makaranta, ba abin da ya karye sai girma. Ki gaida uwarki.

Saura zama huɗu. Ba zan ce miki na warke ba. Har yanzu ina farkawa, amma ba kullum ba, kuma in na farka ina komawa. Abin da ke rubuce a takardata yanzu ya fi layi ɗaya: na yi maganar da nake da-na-sani a kanta, na yi ta ga mutumin da nake ƙauna, da abin da na sani a safiyar nan, kuma teku ne ya kife mu. Wani lokaci na yarda da ita duka, wani lokaci rabi. Abin da ban sani ba shi ne, da laifin ya matsa gefe, kewa ce a bayansa. Ta fi zafi. Naidu ya ce wannan a bar ta ta yi tafiyarta, ba a gardama da ita.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya Lahadi bayan coci da abincin rana aka zauna shan yangona a gidan taro. Wani ya ce, "Ilaitia, saura nawa vasu ta sake ka daga ɗaurin talala?" Aka yi dariya. Da na yi dariyar na wuce, da shi ke nan, inuwar da kika yi mini tana nan. Amma ranar Alhamis mun yi magana a kan yarda da mutane, kuma na gaji da ɓuya a bayan yarinya.

Na ce, "Ta kai ni ƙofa ne. Yanzu da ƙafata nake zuwa." Na juya wajen Manasa, na ce, "Yaya, gafararka gaskiya ce, ban taɓa shakka ba. Ka ba ni, ni ne na kasa ɗauka. Can nake koyon yadda zan ɗauka."

Ba wanda ya tafa. Mai zuba yangona ya tsaya da ƙoƙo a hannu. Manasa ya dube ni har na ce a raina na ɓata abin da dattawa suka gyara. Sai ya ce wa mai zubawa, "Ba shi nawa." Kin san ba a yin haka, ƙoƙonsa ne ke gaba da na kowa. Na sha.

Da aka watse ya biyo ni har bakin gonar gwaza, yana tafiya yana duban ƙasa. Kin san shi ya ciro ƙaninsa daga cikin murjani ran nan, da hannunsa. Ni da ke tunanin kaina kawai ban taɓa tambayarsa ba.

Ya ce, "Ɗan siririn nan naka, sai an kai masa tambua?"

Na ce, "Ko gwaza ba ya karɓa."

Ya ce, "Ni ba ni da vasu mai kai irin taka. Tawa injin wanki ta ɗauka."

Na ce masa ba sai da vasu ba.

Don haka ki bincika mini, ke da kike son bincike, ko mutum na iya zuwa haka kawai ko sai an rubuta sunansa tukuna. Ki amsa a jirgin Laraba. In amsar ba ta iso ba ma za mu tafi, ya zauna a benci ya jira. Na ce masa mu fita da sassafe, don tsohon nan tafiyarsa kamar ta kaguwa ce, rabi gaba rabi gefe. Ya ce in ya kama ni zan gane.

Kawunki,
Ilaitia